Neman Ɗaki daga Al Warsan zuwa Al Ras, da Waƙa a Aljihu

Al Warsan

Ana sallame sallar asuba ranar Lahadi muka fito, ni da Malam Isuhu. Mai gidanmu ya ce za a cire allunan da aka raba ɗakuna da su, kowa ya kwashe kayansa kafin Laraba. Idan ba mu samu ɗaki ranar ba, sai dai mu kwana kan akwatunanmu.

Isuhu Badamagare ne, ni Bakano, saboda haka tsokana tsakaninmu gado ce. Shekara uku muna ɗaki ɗaya, yana harkar kargo, ina aikin lissafi a wani kamfani. Aibinsa guda ne: wata waƙar Faransanci da ya kamu da ita. Ita ke tashinsa daga barci, ita ce ƙarar wayarsa. Ya fassara mini ita har na haddace. Wai fata riga ce da ba wanda ya zaɓi tasa a kanti, don haka a daina duban riga, a dubi mai ita.

A cikin bas ya bayyana mini dabararsa. Duk ƙofar da muka ƙwanƙwasa, zai kunna waƙar a hankali cikin aljihu.

"Tana tausasa zuciya, Bakano."

"Mutanen nan ba sa jin Faransanci."

"Bon, kai ma ba ka ji, ga shi ka fara zama mutum."

Bas ta sauke mu a tashar metro, muka shiga jirgin ƙasa muka nufi Al Rigga da ke yankin Deira.

Al Rigga

Mun karya a tsaye da shayin karak mai madara da gurasar Indiyawa da ake ce wa farata, sannan muka fara bin tallan da ke manne a jikin bango. A garin nan gado ake haya a cikin ɗaki, tallansa kuma yakan zo da sunan ƙasa: wannan na Indiyawa kawai, wancan na 'yan Filifin kawai. Mun karanta bango biyu cur ba mu ga namu ba.

Wani ya amsa waya da fara'a, har da "yalla habibi, ku taho." Muka hau hawa na huɗu. Ya buɗe ƙofa, ya dube mu daga sama har ƙasa, waƙa tana ta rarrashi daga aljihun Isuhu. Sai ya ce yanzu-yanzu aka kama gadon. Ta bayan kafaɗarsa ina hango gadon, katifar ko leda ba a cire mata ba. Wallahi abin ya yi mini ciwo, na juya na sauko matakala. Isuhu ya ce ƙila ƙarar ce ta yi ƙasa, ya ƙara ta.

Gida na biyu ba a ma wahalar da mu da ƙarya ba. Ta cikin sarƙar ƙofa aka ce ba a ɗaukar 'yan Afirka, khalas.

Wajen azahar muka dace da gidan wani Alhaji ɗan garinmu. Da na ji Hausa a bakin ƙofa, sai da na yi hamdala a fili. Ya ba mu ruwan sanyi, muka gano ma unguwarmu ɗaya. Da Isuhu ya shiga alwala, Alhaji ya matso ya rage murya.

"Ɗan'uwa, gado ɗaya zan iya ba ka. Gidan nan na 'yan Najeriya ne. Mutanen Nijar ɗin nan, ka san halinsu daban."

Ɗakin da sanyi, ga tasha a kusa, ga ƙamshin miyar kuka yana fitowa daga kicin. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya biya, saura kaɗan in karɓa. Ana cikin haka aka kira wayar Isuhu da ya bari a kan kujera, mawaƙiyar ta ɓarke da maganar riga a tsakiyar falon Alhaji. Na miƙe na ce, "Alhaji, mun gode da ruwa. Tare muke."

A waje na gaya wa Isuhu wai ɗakin ne ya yi ƙanƙanta. Ya ce, "Dakor," wato "to" da Faransancinsa, ya yi murmushi. Banɗakin da ya yi alwala jikin falo yake, ba abin da bai ji ba.

Al Ras

Mun canza jirgi muka sauka Al Ras da la'asar, ƙafafuna sun daina jin magana. Unguwar duk warin barkono da kanumfari, sai da na yi atishawa har hulata ta faɗi. Wani mai tura kaya ya nuna mana shagon wani dattijo Ba'indiye ɗan Kerala, ana ce masa Haji, wai yana da ɗaki a sama. Na roƙi Isuhu don girman Allah ya bar waƙar ta huta.

Haji bai tambayi ƙasarmu ba. Da Larabcinsa na kasuwa ya tambaya ko muna shan taba, ko muna wanke tukunya bayan girki. Ya nuna mana ɗaki mai gado biyu da taga tana kallon ruwa. Har ya ciro makulli ya miƙo, sai matar Isuhu ta kira daga Damagaram, waƙar ta tashi.

Hannun Haji ya tsaya cak. Ya mayar da makulli aljihu.

Ashe wani ɗan Kodebuwa ya zauna a ɗakin, yaron kirki, amma wannan waƙar safe da yamma har ya tashi. Haji ya ce ranar da yaron ya tafi ya yi kewarsa, ya kuma raba dabino don murna.

Isuhu ya dafe ƙirji. "Baba, ka san abin da take faɗa kuwa?"

Na taka masa ƙafa, bai fasa ba. Ya tsaya tsakanin buhunan citta ya fassara ta tas, riga da mai riga. Haji ya saurara har ƙarshe, ya dube shi, ya dube ni.

"Shi ke nan abin da take cewa? Wannan har sai an sa ganga?"

Ya fito da makulli, ya riƙe shi sama, ya nuna wayar da haɓa. A gabanmu Isuhu ya canza ƙarar wayarsa, fuskarsa kamar an kai shi cire haƙori.

Komawa

Mun iso Al Warsan ana kiran magariba, muka fara ɗaure kaya. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, da mai tura kayan da ban san sunansa ba, da Alhaji saboda ruwan sanyi. Mawaƙiya ma na gode mata, ta yi mini rana a falon Alhaji. Babbar godiya kuwa ta Haji ce, wanda duk yawon da muka yi shi kaɗai ya aikata abin da waƙar ta ce, kuma shi kaɗai ya hana a sa ta.