Salansar da na zaɓa wa ɗan farina

Akwai abin da ya same ni shekarun baya wanda na san har in koma ga Mahaliccina ba zai bar zuciyata ba. Ban taɓa zaton zan zauna in rubuta maganar salansar mota ba, ni da ko sitiyari ban taɓa riƙewa ba, rubutun ma sai da girma ya zo na koye shi a ajin yaƙi da jahilci. Amma ita ce sanadin rasuwar surukata, ta kusa kassara mini ɗa, kuma ni na zaɓe ta da bakina.

Yaron ɗan farina ne. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, ko ciwo yake sai dai in leƙa ta gefen ido. Da ya isa yaye aka kai wa kakarsa, uwar maigidana, a wani ƙauye kusa da Damari, can ya girma. Ita ce uwarsa ta zahiri, ita ce kuma abokiyar wasansa, tana kiransa mijinta, shi kuma yana ce mata tsohuwar matar da ta ƙi sakuwa. Da zaman ƙauyen ya gagara saboda 'yan bindiga, suka tattaro suka dawo wurinmu Mairuwa. Iya, haka nake kiranta, ta zo da jikinta lafiya lau, sai dai ko kwano ya faɗi sai ta zabura ta dafe ƙirji. Ba ta taɓa ba mu labarin abin da ta gani a can ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Gona ta yi masa nisa, sana'a babu. Na sa aka sayar da shanun turkata biyu, babansa ya cika, aka saya masa wata tsohuwar ƙaramar mota yana jigila tsakanin Faskari da Ƙanƙara, mutane da buhunan masara. Tun daga ranar hankalina ya koma kan hanya. Kowa ya san yadda hanyar nan take. In ya fita da safe zan yi ta aikina kamar ba komai, ina surfe, ina wanke-wanke, amma raina na can. Ba ni da ikon in tsaya a zaure in jira shi, ba ni da ikon in ce wa kowa ya dawo kuwa. Sai in ji muryar Iya tana tsokanarsa, sannan in sauke numfashi. Wata rana har magariba ta wuce yana nan zaune a waje da abokansa, ni ina ciki ina ta addu'a ban san ya dawo ba.

Da damina ta yi nisa salansar motar ta ruɓe. Hayaƙi na shiga ciki, fasinja na ƙorafi, in ya yi lodi motar ba ta iya hawan tudu sai da kyar. Ya kai ta wurin bakanike a Ƙanƙara, ya dawo ya faɗa wa babansa, babansa ya ce ya je ya tambayi mai shanu. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina, ni ina ciki na juya masa gefe ina tsince wake.

"Inna, abu uku ne," ya ce. "Akwai 'yar Kwatano, tsohuwa ce amma mai kyau, ba ta ƙara ko kaɗan, sai dai tsada. Akwai sabuwa ta shago, bakanike ya ce gwangwani ce, damina ɗaya ta gama. Sai kuma mai walda shi yanke tukunyar gaba ɗaya shi sa bututu miƙaƙƙe, a canja fulogi, a wanke injin. Wannan ta fi araha, kuma ya ce motar za ta samu numfashi, ta ja kaya sosai."

"To mi ye aibinta?"

"Ƙara, Inna. Tun daga gadar bakin gari za a san ni ne."

Wannan maganar ita ta shiga kunnena ta zauna. Tun daga gada. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Na san a lokacin muna da halin 'yar Kwatanon, don ina da tunkiya da zan iya fitarwa. Amma na sunkuyar da kai na ce, cikin muryar mai tattali, "A yi mai arahar. Mota ce, ba amarya ba." Ya yi dariya ya tashi. Yau in na tuna yadda na ji daɗin dabarata, sai kunya ta kama ni.

Makon farko kuwa na samu barcin da na daɗe ban samu ba. La'asar sakaliya zan ji ta daga nesa, wani gurnani mai kauri, in ci gaba da tuƙin tuwona ina murmushi ni kaɗai. Shi ma yana murna, wai yanzu yana wuce manyan motoci a tudu. Iya ce kawai ba ta yi murna ba. A gabansa wasa ta mayar da abin.

"Kai miji, wannan motar taka wake ta ci? Ka kai ta a ba ta kanwa mana."

"Kishi kike, tsohuwa, don ta fi ki murya."

Amma da ya fita, ta matso kusa da ni a bakin murhu ta rage murya. "Ɗiyata, ki ce ma yaron nan shi gyara abin nan. In na ji shi, tsoro yake ba ni."

Na ce, "Za ki saba, Iya." Kalma huɗu da na faɗa ina kallon tukunya. Ba ta sake tayar da maganar ba. Mace ce da ba ta roƙon abu sau biyu.

Abin da bakanike bai faɗa ba, mu ma ba mu sani ba, shi ne irin wannan bututun in mota ta yi gudu sosai aka ɗaga ƙafa daga totur lokaci ɗaya, tana yin harbi. Ranar da muka sani, kaka ce, ana ta shigo da amfanin gona. Tun da hantsi ake raɗe-raɗin an hango baƙin mutane a kan babura ta wajen daji, gari ya yi tsit, an hana yara zuwa nesa. Labarin ya iske shi a tashar Faskari, ya bar lodi ya taho a guje don ya ga halin da muke ciki. Ni na ji gurnanin tun daga gada, na ce alhamdu lillahi a raina. Iya na zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Da ya iso kwanar unguwarmu ya saki totur, sai motar ta yi tas, tas, tas, tas, a jere.

Ban taɓa ganin unguwa ta watse haka ba. Mata na ihu, ana kiran yara, wani ya tsallake katangarmu ya faɗo cikin awaki. A duk unguwar ni kaɗai na san mene ne. Na miƙe ina cewa mota ce, mota ce, amma ni muryata ko a ɗaki ba ta cika tashi ba. Da na ƙwala sunansa da kowa ya gane, da Iya ta tsaya. Sunan ya zo har bakina ya maƙale, shekara ashirin da wani abu ban taɓa furta shi ba. Na ce, "Wannan yaron ne!" Wane yaro? Iya ta riga ta zubar da gyaɗar ta nufi bayan rumbu da gudun da ban san tana da shi ba. Ta yi tuntuɓe da turmi ta faɗi a kan ƙugunta. Na ji ƙarar ƙashin.

Da ya shigo ya same ni riƙe da kanta tana salati. Babu wata mota a kusa, kowa ya ɓuya. A cikin motar nan dai muka sa ta zuwa asibiti, ni a baya na ɗora kanta a cinyata. Yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, yana tsoron ɗaga ƙafa, amma gurnanin na nan a ƙarƙashinmu. Duk tsawon hanyar Iya ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, idonta a rufe, hawaye na bin gefen fuskarta yana jiƙa mini zane.

Ƙugun ya karye, ga tsufa, ga hawan jini da ya tashi. Ta yi kwana tara. Ana gobe za ta rasu ta buɗe ido ta gan shi zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa.

"Miji, tashi mana. Ka so ka kore ni ka auri mota, to ga shi Allah Ya ba ka."

Ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ta shafa kansa ta ce kwana ne ya ƙare, ta yafe masa duniya da lahira. Sannan ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Har yau ban san ko ta gane ba.

Bayan sadakar bakwai ya tura motar ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida ya rufe ta da buhuna. Ya koma ƙwadago a gonakin mutane. Ya daina zama da abokai, ya daina cin abincin kirki, wuyansa ya fito. A gari akwai masu cewa ƙuruciya ce da son burga ta sa ya kashe wadda ta raine shi, yana ji ba ya tankawa, don shi ma haka ya ɗauka. Babansa ya yi faɗa, liman ya yi nasiha, bai motsa ba. Ni kuwa ina kallo ta gefen ido kamar kullum, ina ganin ɗana yana ɗauke da kayan da ni na ɗaura.

Wata huɗu na yi ina juya abin. Wata rana da hantsi na same shi shi kaɗai a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Na zauna a gabansa, abin da ban taɓa yi ba, har ya razana zai tashi. Na kira sunansa. Fartanyar ta faɗi daga hannunsa.

Na faɗa masa komai. Na ce ba araha na bi ba, tunkiyar na nan har yanzu a turke. Na ce Iya ta roƙe ni in sa a gyara, na ƙi isar da saƙon. Na ce ƙarar nake so, don in riƙa jin ya dawo da ransa.

Ya daɗe bai ɗago ba. Can ya dube ni.

"Inna, ashe kina saurare?"

"Kullum," na ce. "Tun ranar da aka kai ka yaye."

Muka zauna nan muna kuka, har babansa ya shigo ya gan mu, ya juya ya fita.

Aka fitar da tunkiyar, aka sa wa motar 'yar Kwatano. Yanzu har ta tsaya a ƙofar gida ba na jin ta. Amma duk ranar da ya dawo, kafin ya sha ruwa, kafin ya shiga wurin matar da ya aura daga baya, sai ya zo bakin ƙofata ya ce, "Inna, na dawo." Abin da nake nema ke nan tun farko, kuma da na buɗe baki na roƙa, da kyauta zan samu, Iya na zaune tana ɓarar gyaɗarta.

Abin da na koya, kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma in ta kai mutum ga ɓoye bukatarsa a bayan wani dalili na ƙarya, wani ne zai biya, kuma sau da yawa wanda ya fi kowa rauni a gidan. In kuma tsoho ya rage murya ya ce maka wani abu na ba shi tsoro, kada ka ce masa zai saba. Allah Ya jiƙan Iya, Ya sa ta huta inda babu abin da zai sake firgita ta.