Kunzugu a Damtsen Gwaggo

Shekarar da na haifi 'yata ta fari muna haya a Panshekara, inda iskar Challawa kan kawo mana rahoton majemu ba tare da an tambaye ta ba. Ina koyar da kimiyya a wata sakandaren 'yan mata, maigidana yana aiki a kamfanin robobi. Yarinya na da wata uku ƙuraje suka feso mata daga cinya zuwa ɗuwawu, har fatar ta fara saɓulewa. In ruwa ya taɓa wurin sai ta ƙanƙame jiki, ta buɗe baki, kukan ya biyo daga baya.

Uwar mijina ta zo daga ƙauye, ta duba, ta yanke hukunci: nonona ne ba shi da kyau. Za a tatsa a ludayi a jefa cinnaka. In cinnakar ta mutu, a cire yarinya daga nono. Na san cinnaka ko a shayi ta faɗa ba lallai ta fito ba, amma digirina bai da wurin zama a wannan majalisa.

Ranar ce Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta shigo. Ta yi shekaru a sashen rini na wata masaƙa a Sharada kafin a rufe ta, karatunta kuma bai wuce na allo ba. Ta saurari batun cinnaka har ƙarshe.

"Hajiya, ku ara mini kwana uku," in ji ta. "A wurin aikinmu in yadi ya fito da tabo ba ma fara tuhumar auduga. Sai mu tambaya, me aka canja? Nonon nan shi take sha tun ranar haihuwa." Ta juyo gare ni. "Malama, me kika canja?"

Ba ta kirana Malama sai za ta yi mini jarrabawa. Na ce kunzugu. Na bar na kanti mai fakiti, na koma wanda ake ƙullawa a farar leda a bakin titin Dakata, babu suna, babu rubutu. Ƙamshinsa ne ya saye ni.

Ta yaga ɗaya, ta shinshina, ta murza cikinsa da yatsa. "Abin da kashi za a yi a ciki, turaren na waye? Angon yana ina?"

"Gwaggo, ai alamar tsafta ce."

"Mu in muka ji ƙamshi ya yi yawa a kaya, sai mu nemi warin da aka rufe."

Sai ta yanki ƙyalle daga kunzugun, ta jiƙa, ta ɗaura a cikin damtsenta na hagu. A na dama ta ɗaura farin alawayyo, shi ma jiƙaƙƙe. Haka suke yi a masaƙa, in ji ta, in an kawo sabuwar safar hannu ba su yarda da ita ba. Na tsaya ina kallo. Zango guda nake ɓatawa ina koya wa 'yan aji uku dalilin da ya sa gwaji ke bukatar abin kwatanci, ga shi an gama darasin kafin ruwan wanka ya huce.

Yarinya kuwa ta koma alawayyo. Gwaggo takan tafasa shi, ta ɗauraye sau uku don kada sabulu ya maƙale, ta shanya a rana tsaka. Da ya jiƙe a canja, a shafa man kaɗanya kaɗan, da hantsi a bar ta tsirara a tabarma ta sha iska. Igiyar shanyarmu ta koma kamar ta asibiti.

Kwana na biyu damtsen hagu ya yi ja. Na yi tsalle, na ce ga hujja.

"Zauna, Malama. Fatar nan ta sha sinadari shekara da shekaru, saurin fushi gare ta. Ba a kafa shari'a da ita. Mu jira jikin yarinya."

Har yau ban san abin da ke cikin wancan kunzugu ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini daga baya cewa turare da rini kan ɓata wa wasu jarirai fata, haka ma daɗewa cikin jiƙa, ni kuma ina barin kunzugu ya daɗe don yana shanye ruwa. Mai yiwuwa laifin rabawa za mu yi da mai ledar.

Safiyar kwana na uku uwar mijina ta ɗauki yarinya ta fita tsakar gida inda haske yake. Ta kwance alawayyon, ta juya ta, ta daɗe tana dubawa. Jan ya dusashe, inda ya saɓule ya bushe. Ta taɓa da yatsa. Yarinya ta wuntsila ƙafa, ta fara neman abin tsotsa.

"Bai gama warkewa ba," in ji ta.

"Bai gama ba, Hajiya," in ji Gwaggo.

Ta ƙara dubawa, ta miƙo mini ita. "Ungo. Ba ta ta sha, yunwa take ji."