Kujeru Arba'in da Sunan Ma'aji

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za a tattara mu duka. Ranar Laraba, tara ga watan Mayu, da hantsi, aka zo mini da labarin rasuwarka, Ma'aji, abokina na shekara hamsin.

Shekara talatin ka yi kana koyar da lissafi a firamare, kana saya wa 'ya'yan mutane fensir daga aljihunka. Shi ya sa da telan unguwarmu ya fito takarar kansila, kowa ya ce kai za ka riƙe kuɗin kamfe. Wane kuɗi? Abin da aka tara bai kai farashin keken ɗinkinsa ba. Duk da haka ka kafa ƙusa a bangon shagonsa, kowane rasidi ka soke shi a jiki, har na ruwan sha. Tela ya sha kaye, ya koma kan kekensa. Kai ne ba ka huta ba.

Laifinka ɗaya ne. Surukinka ya ara mana kujeru arba'in ranar taro, kyauta, kai kuma ka rubuta su a rahoton da ake kai wa masu binciken kuɗi. Na ce, "Malam, aro ne fa, bar su." Ka ce, "An zauna a kansu ko ba a zauna ba?"

Sai masu binciken suka ce ina rasidin kujerun. Rasidin abin da ba a biya ba! A bakin ƙofar ofishinsu akwai mai buga takardu da zai yi maka guda, har da hatimi, kafin shayi ya huce. Kowa ya san shi, har su. Ka ƙi. Wata bakwai kana hawa bene uku da ciwon zuciya, kana dafa bango, ana ce maka mai sa hannu ya fita. Waɗanda suka raba babura a idon duniya an rufe fayilolinsu cikin mako guda. Kai aka manna sunanka a allon sanarwa, cikin waɗanda suka kasa bayanin kuɗin jama'a. Jikarka ta gani, ta zo ta tambaye ka ko ka ci kuɗin mutane. 

Jiya na hau benen. Na ce mutumin ya rasu, a cire sunansa. Wani mai kwat ya ce, "Baba, sai ya zo da kansa ya sa hannu." Na ce, "To ɗana, shi ba zai zo ba. Kai ne za ka same shi, can ma ana bincike."

Sunan yana nan. Ni da tela kullum za mu hau, har su gaji da ganinmu.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sauƙaƙa maka hisabi. Ina yi wa mai ɗakinka da 'ya'yanka ta'aziyya, Allah Ya ba ku haƙuri. Ke kuma jikarsa, ga amsar tambayarki: kakanki bai ci ko sisin kowa ba.