Malam a Raga, Giya a Gefen Fili

Ƙungiyar ƙwallon jami'armu a Kuala Lumpur ba ta iya wasa ba, wannan kowa ya sani. Dalilin ne ba a faɗa, domin dalilin yana da furfura a gemu, kuma wasunmu a ajinsa muka zauna tun a gida kafin gwamnati ta turo mu ƙaro karatu.

Malam ne golanmu. Malamin jami'a ne a gida, ya zo digiri na uku, ni kuma na zo na biyu. Lokacin da aka kafa ƙungiyar babu wanda ya yarda ya tsaya a raga, kowa so yake ya ci ƙwallo a ɗauke shi hoto. Malam ya ɗaga hannu ya ce shi ya kama wa makarantarsu a zamanin ƙuruciya. Ba wanda ya tambaye shi wane zamani ne wannan, aka ba shi raga.

Yadda yake kamun ƙwallo abin kallo ne. Tabarau yake ɗaurewa da roba ta bayan kai, ya tsaya ya ware hannuwa kamar mai korar kaji. Idan aka bugo, sai ƙwallo ta shige ta kwanta a raga, sannan Malam ya yi tsalle ya faɗi, faɗuwa mai kyau kuwa, ba ha'inci. Daga nan ya tashi ya kaɗe jiki, ya kira 'yan baya ya yi musu lacca a kan tsayuwa. Su kuma su sunkuyar da kai suna "to Malam, to Malam," don yawancinsu ya haife su.

Ina son mutumin nan, gara in faɗa tun yanzu. Iyalinsa na gida, shi yana wani ɗan ɗaki kusa da unguwar Chow Kit, saman shagon masu sayar da busasshen kifi. Mai duba bincikensa duk babin da ya kai mata sai ta dawo masa da shi ja-wur da biro, mutumin da a gida shi ke riƙe da jan biro. Kwana shida na mako ba wanda ya san da zamansa a garin nan. Ranar Asabar da la'asar kuwa shi ne gola, kuma ragar nan ita kaɗai ce tasa a duk ƙasar Malesiya.

Jami'ar ta kuɗi ce, ba ta da fili, sai take hayar na wani tsohon kulob idan za a kara da wasu kwalejoji. A gefen filin akwai ɗan kanti na wani dattijo ɗan Sin, mai sayar da giya mai sanyi, da takarda manne a jikin firji cewa ba a sayar wa Musulmi. Da farko jami'a ta sa ana rufe kantin ranar wasa. Da aka ga 'yan kallo ba su fi 'yan wasa yawa ba, sai aka ce ya buɗe. Cikin 'yan makonni fili ya cika.

Sai 'yan kallo suka kasu biyu. Mu 'yan Arewa masu karatun gaba da digiri muna ƙarƙashin bishiya, kowa da shayinsa na mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi, a leda, an ɗaure da zare, muna tsotsa da tsinke muna tsaki a ɓoye. Can gefen kanti kuma yara ne 'yan digirin farko, waɗanda iyaye ke turo wa kuɗi, 'yan Kudu da 'yan wasu ƙasashen Afirka, kowa da gwangwani a hannu. A ganin waɗannan yara, bayan gwangwani na biyu, babu ƙungiya irin tamu a nahiyar Asiya. A zura mana su yi ihu, a sake zura mana su yi rawa. Malam kuwa ko daga cikin raga ya ɗauko ƙwallo sai sun tashi tsaye.

"Prof! Prof! Safe hands!"

Shi kuma ya ɗaga musu hannu a natse, kamar gwamna a mota.

Matsalar tana zuwa ne bayan wasa, idan mun zauna a mamak ana cin roti, gurasarsu ta can. Malam ba ya barin abu ba bincike. Sai ya goge tabarau ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To, jama'a, ina son honest opinion. Me kuke gani ne matsalar team ɗin nan?"

A wurinmu ba a duban babba a ce masa kai ne. Ba a yi a gida ba, ba za a fara a ƙasar mutane ba. Don haka kowane mako sai an nemo wanda za a ɗora wa. Mun ɗora wa ruwan sama, mun ɗora wa alƙalin wasa, mun ɗora wa ciyawa cewa ta cika santsi. Wani mako har shinkafar Malesiya ta sha zagi, wai tana saukar wa 'yan gaba da nauyin jiki. Malam yana saurare, yana gyaɗa kai, wani lokaci ya ƙara mana hujja daga wurinsa.

Ranar da dalilai suka ƙare, shiru ya yi yawa a teburin. Akwai wani Bakatsine a cikinmu, mai karatun injiniya, bakinsa ya fi tunaninsa sauri. Ya ajiye kofi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wallahi giyar nan ce. Ina albarka za ta sauka a filin da ake wannan abu? Ko ƙwallon ma ta san wurin ba tsarki."

Muka yi caa muka kama, kowa da nasa ƙarin. Wani ya ce ihun mashayan ne ke raba hankalin gola. Wani ya ce shi har warin yana jiyowa daga ƙarƙashin bishiya, alhali iska ma ba ta biyowa ta nan. Mun ji daɗin wannan dalili ƙwarai, don da alama zai kai mu ƙarshen kakar wasa ba tare da an sake wahalar neman wani ba. Ga shi kuma ba mai iya musa shi ba tare da an yi masa wani irin kallo ba.

Mun manta da wa muke magana. Ranar Litinin Malam ya sa kaftani da hula ya tafi ofishin kula da ɗalibai. Shugabar wurin, wata dattijuwa 'yar Malay mai lulluɓi, ashe dama abin yana cinta a rai, tana jiran wanda zai kawo ƙara. Malam ya ba mu labari da kansa, fuska cike da fara'a.

"Ko gama bayani ban yi ba ta ce boleh, boleh, wato ta yarda. Daga wannan Asabar an rufe. Yanzu za ku ga real football."

Bakatsinen nan ya dube ni, na dube shi. Muka ce ma sha Allah.

Asabar ta zo. Kanti a rufe, dattijon na zaune a kan benci a waje yana fifita da jarida. Yaran sun zo duk da haka, don sun saba, sai dai kowa da robar ruwa a hannu da ido tangaran. Abokan karawarmu ranar ɗaliban wata kwaleji ne masu koyon girki da aikin otal, yara masu ladabi, wasunsu da ɗan tumbi.

Ba a jima da farawa ba wani cikinsu ya ɗan taɓa ƙwallo daga nesa, irin bugun da ko akuya za ta iya tarewa. Ƙwallo ta gangaro a hankali, ta bi ta tsakanin ƙafafun Malam, ta shiga. Sannan Malam ya yi tsallensa ya faɗi. Ya tashi ya waiwaya gefen kanti kamar yadda ya saba, hannu ya riga ya fara ɗaguwa.

Ba wanda ya tafa. Sai wata murya daga can, ba ma da ƙarfi ba, irin ta wanda ya farka daga barci:

"Wait o. Na this man dey catch for us since?"

Wani ya amsa, "Guy, na basket we put for post."

Ni dai na sunkuyar da kai ina kallon ledar shayina. Kafin hutun rabin lokaci masu girki sun yi mana ruwan ƙwallaye, har suka fara jin nauyi suna ba juna a tsakiyar fili don kada abin ya yi yawa. Yaran da suka yi watanni suna cewa mun fi kowa a Asiya, yau su ne ke lissafa kurakurai ɗaya bayan ɗaya, kuma abin haushin duk gaskiya suke faɗa. Ashe sun san ƙwallo sarai, giya ce ta rufa mana asiri duk tsawon lokacin nan.

A mamak ranar Malam bai nemi ra'ayin kowa ba. Bakatsinen ya buɗe baki ya fara cewa ai sai a hankali, albarka ba ta sauka rana ɗaya, wani ya taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

Mako na gaba ma haka aka yi, har ya fi muni. Da aka tashi sai kyaftin, wani yaro ɗan Legas mai kitso a kai, ya same mu ƙarƙashin bishiya. Ya ce akwai wani ɗan Sudan a ajinsu da ke kamun ƙwallo kamar kyanwa, ya gaji da zaman benci.

"Una go tell Prof, abi make I tell am myself?"

Wannan kuwa ba za ta yiwu ba. Yaro mai kitso ya tsaya gaban Malam ya ce masa bai iya ba? Sai dai bayan ranmu. Muka yi shawara, muka koma ga abin da muka iya tun daga gida. Idan babba ya tare hanya ba a ture shi, ƙarin girma ake yi masa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka yi tawaga zuwa ɗakinsa. Muka hau matakalar nan mai warin kifi, muka zazzauna a ƙasa. Wanda ya fi mu iya tsara magana ya yi doguwar shimfiɗa, cewa ƙungiya ta girma, tana bukatar uba, mai faɗa a ji, wanda zai zauna a sama ya hango abin da na cikin fili ba sa gani. Mun duba gabas mun duba yamma, ba mu ga wanda ya cancanta ba sai Malam. Raga kuwa aikin yara ne, bai kamata a ce kamar Malam yana birgima a ƙasa ba.

Malam ya saurara har ƙarshe. Ya yi godiya, ya sa albarka, ya ce Allah ya ba shi ikon riƙe amana. Babu abin da ya nuna a fuskarsa. Da muka tashi tafiya sai ya ce ni in dakata.

Ya jira har ƙarar takalman sauran ta ɓace a matakala.

"Kai ɗalibina ne. Yaran can da suke tafa mini, da gaske suke yi, ko abin da suke sha ne?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai kowa yana ganin ƙoƙarinka."

Ya cire tabarau ya goge. Sannan ya ce in gaida mutanen ɗakinmu. Na sauko ina jin haushin kowa, har da masu sayar da kifin.

Washegari aka kawo masa farar kujerar roba aka ajiye a inuwa, gaba da kowa. Ya zo cikin babbar riga. Ɗan Sudan ya shiga raga, kuma yaron nan ba a cewa komai, duk abin da aka bugo sai ya cafke. Ina tsaye bayan Malam, ina ganin duk lokacin da aka nufo ragarmu kafaɗarsa na ɗan karkata hagu ko dama a cikin rigar. Muka ci wasan da ƙwallo ɗaya, karo na farko tun da aka kafa ƙungiyar. Yara suka ɗaga sabon gola sama suna zagaya fili da shi. Da suka gaji, kyaftin ya tuna da ladabi, ya jawo su suka zo suka gaida uban ƙungiya. Malam ya miƙe ya ba kowa hannu, ya yi musu addu'a.

Tare muka shiga jirgin ƙasan nan mai bi ta saman titi zuwa Chow Kit. Cunkoso ya yi yawa, muna tsaye riƙe da ƙarfe, yana kallon gine-gine ta taga. Muka wuce tashar Bukit Bintang. Sai da muka kusa sauka ya yi gyaran murya.

"Yaron nan yana saurin barin layinsa. Gola ba ya fita haka. Ya kamata wani ya gaya masa."

Na ce, "Haka ne, Malam."

Asabar da ta biyo baya aka sake fito da kujerar aka goge ta. Har aka busa tashi ba wanda ya zauna a kai.