Buba Mai Gadin Aji

A shekarun babban fari, lokacin da rumbunan ƙauyenmu suka koma ɗakin ɓeraye, tatsuniyar Kaka Ladi ce ta gaje wurin tuwon dare. Ƙauyen namu yana tsakanin Gazawa da Agiye, nesa kaɗan da titi. Da an sallame magariba sai Kaka ta haɗa wuta da busasshen kashin shanu, don ko kara babu a gonaki. Mu jikoki mu zagaye ta, kowa ya sha ɗan abin da aka samu, yawanci dilo, 'ya'yan anzar nan da ake jiƙawa har ɗacinsu ya fita. Ni take fara tsokana. "Maigidana, yau ma hannu rabbana ka shigo mini? Aradu sai na kai ƙararka!" In ce mata ta yi haƙuri sai damina, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Akwai babba guda da yake zama bayanmu yana saurare, Mushe Idi (Mushe shi ne Malam a bakin Faransanci), malamin lakol ɗinmu, wato makarantar boko, wanda aka sauke a ɗakin zaurenmu. Saurayi ne dogo, mutumin wajen Gidan Rumji. Bai taɓa ɗaga bulala a aji ba, har wasu iyaye suna shakkar ko yana koyar da wani abu. Shi ne shugaba, shi ne malami, kuma tun da aka fara kawo jar dawar taimako don abincin rana, shi ne mai tsaron tukunya.

Dawar ta zo da doka daga buro, ofishin hukuma da ke Agiye: a ci a lakol, kada a fita da ko loma. Dokar tana da dalili, domin yaron da ya kai kwanonsa gida, manya ne za su cinye. Kuma duk wanda ba ya ci, a ba wani gurbinsa, ga yara nan da yawa suna jira.

A wannan lokacin aka kawo Buba. Ɗan Fulani ne, shanunsu sun ƙare a hanya, uwarsa ta kafa bukka bayan gari. Hausarsa kaɗan ce, amma kansa yana ja. Matsalar guda ce. In an jera mu ƙarƙashin itacen bedi an zuba wa kowa, Buba sai ya ajiye kwanonsa a gabansa, ya sunkuyar da kai, har a tashi. Kowa ya san kunyar Fulani ce, ba su cin abinci a idon baƙi. Kowa kuma ya ce yunwa za ta gyara shi. Yunwa ba ta gyara shi ba. Wuyansa ya yi ta sirancewa, har wata rana ya yanke jiki ya faɗi a bakin aji. Iyayen yaran da ke jira suka fara zuwa zaure suna cewa ga dawa ana wasa da ita. Mushe ya nemi su ba shi zuwa Juma'a.

A cikin wannan makon ne muka kawo wa Kaka labarin, kowa yana rige-rigen faɗi. Ta tura garwashi da tsinke, sannan ta ce, "To ku matso, ga wata nan tahe, ba ta da takalmi." Muka ce ta shigo haka nan. Ƙanwata ta tambaya ko da Gizo a ciki. Kaka ta ce, "Gizo ya tahi cin rani Katsina, bana ko shi bai iya zama ba."

Ta ce wata shekara ruwa ya ƙafe a daji kaf. Giwa, mai zuciyar kirki, ta haƙa rijiya da ƙafafunta har suka yi jini, ta ce kowa ya zo ya sha. Amma ta san halin Kura, wadda za ta sha nata ta sha na wani. Sai ta kafa doka: da rana tsaka za a sha, a gabanta, tana kallo. Dabbobi suka zo suka sha, Kura ta sha sau ɗaya tana gunaguni. Barewa ma ta zo, ta tsaya bakin rijiya. Ita tun da aka haife ta ba ta taɓa sunkuyar da kai ga ruwa ido yana kanta ba. Ta duba, ga idanu ko'ina, ta koma. Giwa ta ce a ƙyale ta, ƙishirwa za ta kawo ta. Ƙishirwa kuwa tana kawo ta kullum, ta tsaya, ta koma. Wata rana ta zo, ba ta iya komawa ba. Nan ta kwanta, hancinta yana jin sanyin ruwa, ta cika.

Kaka ta kan sauya murya in ta zo maganar Giwa, ta yi ta da kauri. A ranar ba ta sauya ba, da muryarta ta faɗa. "Giwa ta zauna tana kuka, tana cewa, na hana Kura sha biyu, na hana Barewa sha ɗaya." Ta kakkaɓe zanenta. "Ta ƙare, ta koma inda ta hito."

Muka yi caa, mun ƙi yarda. Ni na ce ai wautar Barewa ce, wa ya hana ta? Kaka ta dube ni ta ce, "Maigidana, kai in aka ce sai ka tuɓe wando a kasuwar Gazawa kahin a ba ka hura, sha za ka yi?" Yara suka fashe da dariya, ni kuwa na ji kunya ta rufe ni, na kuma gane abin da take nufi.

Sai muka ji muryar Mushe daga baya. "Iya, in Giwa ta ɗage dokar, mi za a yi da Kura?"

"Ni hwa ban ce ta ɗage ba, ɗana. Rijiyarta ce, ita ta san yadda za ta yi. Ni tsohuwa ce, labari kawai na iya."

Mushe ya yi mana sai da safe ya shige.

Kashegari da aka jera mu ƙarƙashin bedi, Mushe ya tsaya ya ɗaure fuska, abin da ba mu saba gani ba. Ya ce ya lura in mun fito cin abinci ana barin aji ba kowa, kuma shi ba zai lamunta ba. Yana son mai gadi, wanda ya saba tsaron dukiya. "Buba, kai munka zaɓa. Ɗauki kwanonka ka tahi, kada ka bar kowa ya shiga sai na buga ƙarfe." Wasu har suka ji haushi, don me ba su aka ba muƙamin ba. Buba ya tafi. Da aka buga ƙarfe muka koma, yana tsaye bakin ƙofa kamar jandarma, kwanon yana gefensa a kife. Abinci bai fita daga lakol ba, yaro ya ci, ranar Juma'a iyaye suka janye ƙorafinsu. Kafin damina masu gadin ajinmu sun zama uku, duk 'yan bukkokin bayan gari.

Yau ni ma lakol nake shugabanta. An tara mu a tarurruka, an koya mana manyan kalmomi na Faransanci a kan sanin halin yaro da sa mutum gaba da tsari. Suna da amfani, ba na raina su. Amma duk lokacin da doka mai kyau ta zo tana neman take wani yaro, ba su nake fara tunawa ba. Tsohuwar nan nake tunawa, da ta ƙi gaya wa malami abin da zai yi don ta yarda zai gano da kansa, da malamin da ya ƙi zaɓa tsakanin doka da yaro. Ina ƙaunarsu su biyun, kuma har yau ban kai ko ɗayansu ba.

Da Mushe Idi ya rasu na je ta'aziyya Gidan Rumji, na tarar da Buba a kan tabarma. Ya zama malamin dabbobi, furfura ta fara fito masa. Na tsokane shi na ce, "Mai gadi, an ce ba a taɓa yin sata a zamaninka ba." Ya yi murmushi, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ajin zana ne, allo guda da turɓaya. Mi za a sata? Tun ranar farko na sani, shi ma ya san na sani. Na yi ta zuwa gaishe shi har ya tsufa, bai taɓa tayar da maganar ba."