Ranar da Baba Sidibe ya samu baki

Wai wa ya ba Baba Sidibe takardar zama ɗan ƙasa?

Telan nan ɗan Mali tun zamanin soja yake majalisarmu ta Ƙofar Durbi. In ana siyasa, nasa ido.

Jiya ina cikin caccakar kansila sai ya ce, "Yaro, sarara, yau ni ke da magana."

Na ce, "Baba, a garin ubana?"

Ya zaro katin zaɓe. "Ga nawa. Ina naka?"

Ni da na karance tsarin mulki kaf, ban taɓa yankar kati ba! Nan take majalisa ta hana ni magana har sai na yanko.

Ku fito fili ku amsa min: tsakanina da shi, wane ne baƙon?