Rabin Numfashin Yaya Rakiya

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Rakiya. Da bazara ne, ciwon sanƙarau ya ɗauke ta cikin kwana uku. Ina da shekara goma a lokacin, yanzu ina aji uku a kolej. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Ko a aji, in mushe, malaminmu, ya kira sunana, bakin teburi nake kallo har ya gaji ya kira wata. Abin da ya sa na ɗauki bik ina rubutu yau shi ne kaset ɗin nan da ya cika gari.

Duk ɗan Damagaram ya san zabiyar da nake nufi. Zan ce mata Hajiya kawai, don ba da ita nake ba. Bara ta tafi Yamai ta sake rera tsofaffin waƙoƙinta, aka cire ƙwarya aka sa gita da ogan, aka kawo sababbin 'yan amshi uku. Tun da kaset ɗin ya iso ake gardama. Direbobin tasha sun ce sabon ya fi, ba ya shuu, kuma yana tafiya daidai da mota. Tsofaffin da ke zama a inuwar masallacin unguwarmu sun ce muryar Hajiya ta yi nauyi, da gitar nan aka rufa mata asiri. Wani mai shayi ya ce shi ba ruwansa da murya, a mayar masa da ƙwaryarsa. A layin famfo, inda muke jera bokitai tun da sassafe, na ga mata biyu sun bar layinsu ya wuce suna musu a kan wace waƙa aka ɓata, wace aka gyara.

Bana ba mai labarin gero da zai ba wani. Sama ta ƙi, mutanen ƙauye sun taho sun kafa bukkoki a bayan gari, shanu na faɗuwa a hanyar Takieta. Ina jin shi ya sa aka riƙe maganar kaset da hannu biyu. Ita kaɗai ce gardamar da mutum zai yi ya koma gida ransa bai ƙara ɓaci ba.

Ni dai ina tsaye da bokitina ina saurare. Mutum ɗaya nake jira ya ce, to ina 'yan amshin da? Ba wanda ya ce. Sabon kaset yana da kwali mai hoto, an rubuta sunayen 'yan amshi a baya, kuma tuni 'yan ajinmu suka zaɓi tasu, wata Zuwaira mai siririyar murya. Tsohon ba shi da hoto, ba shi da sunan kowa sai na Hajiya. Mata huɗu ne suka yi amshi a cikinsa, ɗaya daga cikinsu yayata ce.

Ina wurin ranar da aka ɗauki tsohon. A tsakar gidan Hajiya ne, da hantsi. Wani mutum ya zo da na'ura daga gidan rediyo, ya ce sau ɗaya za a yi kowace waƙa, zarensa ba shi da yawa. Aka kori kaji, aka kife turmi aka zaunar da ni a kai, aka ce in yi shiru, aikin da na fi kowa iyawa. Yaya Rakiya ta zare awarwaronta don kada su yi ƙara, ta zuba mini a hannu. Har yau ina tuna ɗuminsu.

A waƙar tafkin Gidimuni akwai wurin da Hajiya ke ja ta tsaya, ƙwarya ta buga uku, sannan 'yan amshi su shigo tare da “ruwa na nan”. Yaya Rakiya ba ta jira na ukun ba. Ta riga sauran da rabin numfashi, muryarta ita kaɗai a fili, sannan suka same ta. Da aka kashe na'ura Hajiya ta juyo.

“Ke Rakiya, wa ya biyo ki? Tafkin guduwa zai yi?”

“Hajiya, ƙishi nake ji.”

Kowa ya yi dariya, har mai na'ura. Haka take a komai. Ita ce ta fari a famfo, ita ke ƙona baki da tuwo, takalminta kullum ɗaya na ƙofar ɗaki ɗaya na tsakar gida.

Ni ban yi dariya ba, kuma wannan ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina kan turmin nan ina addu'a mutumin ya ce a sake, a ce Rakiya ta ɓata waƙa, ta ji kunya ko sau ɗaya. Kishinta nake yi. In mun shiga gidan biki ita ake wa sannu, ni a ce, “Wannan ce ƙanwar Rakiya? Ba ta magana ne?” Ita kuwa sai ta dafa kaina ta ce, “Malama Shiru ce, tana tara mana labari.” Ina jin haushin sunan, ina jin haushin hannun. Yanzu ba mai ce mini ƙanwar Rakiya, kuma da zan sami mai faɗa, da na tsaya na amsa.

Kaset ɗaya aka ba gidanmu. Bayan rasuwarta maƙwabta suka riƙa aikowa aro, yau wannan gida gobe wancan, ya dawo da ƙura a jikinsa, wata rana ma da tabon miya. Ban so ba. Tana da rai ta gari duka ce, ba tawa ni kaɗai ba, ban ga dalilin da zan ci gaba da rabawa ba. Sai na ɓare takardar da ke jikinsa mai sunan Hajiya, na sa shi a wani tsagaggen kwali, na cusa cikin tsofaffin kaset na wanmu Yaya Lawali, inda ba mai nema. Na ce wa kowa ya ɓata. Inna ta dube ni ta daɗe. Shekara biyar, in gida ya yi shiru da rana, nakan ɗauko manyeto, rediyonmu mai cin kaset, in sa waƙar tafki. Da bik nake mayar da zaren baya don kada pil, wato batir, ya ƙare, in ya yi sanyi in shanya shi a rana. Ba waƙar nake ji ba. Wurin nan kawai nake jira.

Masu karatu sun san abin da ake yi bana. Ba mai sayen sabon kaset a shekarar da mudun gero ya gagari magidanci. Sai mutum ya ɗauki tsohon da yake da shi ya kai wa mai kaset a bakin tasha, a ɗora masa sababbin waƙoƙin a kai. Ko an ɓalle ɗan kunnen nan na baya da ke hana shafewa, mai kaset zai dunƙule takarda ya cusa a ramin, magana ta ƙare. Mafi yawa kuma tsohon na Hajiya suke kaiwa, su ce ai waƙoƙin ɗaya ne. Haka tsohon yake fita daga gari, gida bayan gida, ba wanda ya yi niyyar mugunta.

Wata ranar Laraba na dawo daga lakwal, makarantarmu, na sa hannu cikin kwali, babu. Na tafi shagon Yaya Lawali a Zango. Tela ne, aiki ya ja baya, kuma ya lura masu kawo ɗinki sun fi tsayawa inda kiɗa ke tashi. Kaset ɗin na kan tebur kusa da almakashi. Tun daga ƙofa na hangi 'yar takarda shuɗiya a ramin bayansa.

“Yaya, wannan fa?”

“Marar sunan nan? Shi na kai aka sa mini sabon Hajiya. Me ke ciki da, wa'azi?”

 Yana ta taka keke. Can na ce, “Yaya Rakiya ce.”

Ƙafarsa ta tsaya. Ya dubi kaset ɗin, ya dube ni.

“Ba ke kika ce ya ɓata ba?”

Ya sa kaset ɗin a aljihu ya koma kan ɗinkinsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da sunan na jikinsa, Yaya Lawali ba zai taɓa shi ba ko da wuƙa a wuya. Ni na ɓare sunan da farcena.

Ya kawo shi gida ya ajiye a kan taga, ya faɗa wa Inna komai. Kwana huɗu ba wanda ya taɓa shi. A na biyar na juya zaren da bik har kusa da ƙarshe, ko wani abu ya tsira a wutsiya. Ya tsira. Bugun ƙwarya biyu, tarin wata mata da ba ita ba, sai ƙarar tsayawa.

Inna ce ta ce a sa shi daga farko. Tana zaune tana tankaɗe jar dawar taimako. Ta ce, “Tunda ya cinye mana ita, bari mu ji abin da ya cinye ta.” Na sa, na koma gefe na haɗa rai, na shirya ƙin kowace waƙa. Gitar ta yi mini yawa. Muryar Hajiya ta yi nauyi kamar yadda tsofaffi suka ce, ko da yake a wasu wuraren nauyin ya yi mata kyau, ba zan ɓoye ba. Sai ga waƙar tafki. Hajiya ta ja ta tsaya. Ganga ta buga ɗaya, ta buga biyu. Kafin na uku, wata siririyar murya ta faɗo ita kaɗai: ruwa na nan.

Rariya ta tsaya a hannun Inna.

“Mayar.”

Na mayar. Muka sake ji.

“Wannan yarinya,” in ji Inna, “a bakin Rakiya ta koya.”

Ban san yadda aka yi ba. Wataƙila an ba sababbin 'yan amshi tsohon kaset su koya, Zuwaira ta ji wurin ta ɗauka haka waƙar take. Wataƙila Hajiya ta ji ta bar shi da gangan. A Yamai zare ba ya ƙarewa, da ta so gyarawa da ta gyara. Nakan so in yarda da na biyun.

Na zaci daga ranar kishina zai kwanta. Bai kwanta ba, wuri ya sake. Makon da ya wuce, lokacin hutun tsakar rana, ƙawata Fanna tana cewa, “Kun ji yadda Zuwaira ke riga su shiga a waƙar tafki? Nan ne gwaninta. Na da ba su da wannan kan.” Duk aka yarda. Har direbobi na ji suna kwaikwayon wurin, suna buga sitiyari sau biyu su faɗa ciki. Abin da aka yi wa yayata faɗa a kansa, abin da ni kaina na roƙi Allah ya zame mata abin kunya, shi ake yaba wa wata a gabana. Na tsaya riƙe da kayena na rubutu, maganar na bakina, aka buga ƙararrawa muka koma aji.

Nakan tambayi kaina me Yaya Rakiya za ta ce da tana nan. Na san ba za ta bi bayan tsofaffin masallaci ba. Za ta so gitar, za ta riga kowa haddace sababbin juyi, za ta tashi da rawa a layin famfo har a ture mata bokiti. In aka ce mata wata ta ɗauke mata shiga, za ta ce, “Ashe ita ma ƙishi take ji.” Ba ta iya riƙe abu ba, ko awarwaro ne ko fushi. Ni ce mai riƙewa, kuma ga inda riƙon ya kai mu. Da na bar kaset ɗin yana yawo gidajen maƙwabta da tabon miyarsa, da wani ya kwafa, da yanzu akwai biyu ko uku.

Don haka roƙona ga mai karatu ɗaya ne. In kana da tsohon na Hajiya a ƙasan akwati, ko ke kina da shi cikin kwalla, kada a kai shi bakin tasha. Waƙoƙin ba ɗaya ba ne. Ba na cewa a ba ni. A sa shi, a ba maƙwabta aro, a bar shi ya sha ƙura. Na faɗa wa mai kaset da bakina, kuma shi ne baƙo na farko da na taɓa tsayarwa na yi wa magana, ya ce in wani ya kawo zai ajiye ya aiko mini. Har yau ba wanda ya kawo.

Yaya Rakiya ba ta bar hoto ba. Awarwaronta suna hannun Inna, an ce nawa ne in na yi aure. Muryarta kuma na ɓatar da hannuna. Abin da ya rage rabin numfashi ne a bakin wata yarinya da ba ta taɓa ganinta ba, yana yawo cikin motocin Takieta da Gidimuni da shagunan Zango. Ina jin haushin Zuwaira har yanzu, kuma kullum da rana nakan mayar da zarenta da bik in sake ji. Ku ci gaba da gardamarku, tsohon ne ya fi ko sabon. Amma in kun zo wurin nan a waƙar tafki, bayan bugu na biyu, ku san mai shi. Sunanta Rakiya. Allah ya jiƙanta, ya shayar da ita, ya shayar da mu.

Ni ce ƙanwarta.